Ruwan sadaka da kuɗin gyara: nazari kan rijiyar sola ta wata unguwa a Garwa

Garwa, a arewacin Kamaru, tana bakin kogin Binuwai, kuma a ƙarƙashinta akwai dutsen yashi mai riƙe ruwa, wanda daga cikinsa ake jawo ruwan da ke shiga famfunan gari. Duk da haka, wanda ya taɓa yin watan Maris da Afrilu a nan ya ga mata suna raba dare a gindin famfo da jerin bido, wato jarkokin ruwa, suna jiran ya tsiyayo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injin lantarki ne ke ɗago ruwan daga ƙasa ya tura shi shato, wato babban tankin ruwa na sama, daga shato ya sauko cikin bututu. Da an ɗauke wuta injin zai tsaya, bayan 'yan sa'o'i kuma famfo ya bushe.

Wutar daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa. 'Yan'uwanmu na Yola da Makurdi da Lokoja da ambaliya suka san Lagdo, musamman ta 2012 da ta 2022, mu kuwa da fitila muka san ta. Sinawa ne suka gina madatsar tsakanin 1977 da 1982, da injuna huɗu masu ba da megawat 72 idan tafkin ya cika, aka ɗora mata nauyin jihohi uku: Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa. Layin wutar arewa dabam yake da na kudancin Kamaru, saboda haka ko wuta ta wadata a Yawunde ba ta da hanyar iso mu. Shekarar da damina ta gaza, ga laka da yashi da suka daɗe suna taruwa a gindin tafkin, ruwan kan ja baya tun kafin bazara, a kashe wasu injunan, a shiga raba wuta unguwa-unguwa. An sha wannan wuya sosai a 2021. A watan Janairun 2022 gari ya yi ado saboda gasar cin kofin Afirka, filin Rumde Ajiya ya cika ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, fitilu ko'ina. Baƙi suka watse, azumi ya kama a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, unguwarmu ta koma neman ruwan buɗa baki.

Abin da unguwar ta yi bayan wannan azumin shi ne zancen wannan rubutu. Unguwar Hausawa ce, da Fulani da Barebari da 'yan haya daga kudu a cikinta. Ba zan faɗi sunan layi ko na mutane ba. Ni ne mai riƙe da littafin kwamiti, don haka abin da na zauna a kansa zan faɗa. Ƙauyuka da birane da yawa sun haƙa rijiyar sola, ba mu muka fara ba. Na ga ya kamata a rubuta tamu ne saboda wurin da muka ci karo da wahala ba nan muka zata ba. Tara kuɗi ya zo da sauƙi, fito da ruwa ma haka. Abin da ya kusa raba unguwa shi ne tambayar ko ruwan da aka haƙa don Allah ana karɓar kuɗinsa.

Daga sanarwar suna zuwa asusu

Muna da zauren WhatsApp tun kafin wannan. Na sanarwa ne: rasuwa, suna, ɗaurin aure, yaro ya ɓata, an ga jinjirin wata. A cikin azumin ya koma wurin tambayar ina ruwa yake, wani ya ce famfon layinsu ya kawo, kafin ka ɗauki bido ya ɗauke. Bayan salla sai 'yan unguwa mazauna Birikitari a Yawunde da Nubel a Duwala suka fara cewa su suna jin kunya iyayensu mata na cikin wannan hali, a faɗi kuɗin foraj, wato rijiyar burtsatse, su kawo nasu. Na Injamena da Bangi da Libirbil suka amsa, su da kuɗinmu ɗaya, sefar Afirka ta Tsakiya. Na Kano da Mubi ne suka sha wahala daga baya, don bayan faɗuwar naira a 2023 abin da mutum ya yi alkawari da sefa ya ninka a aljihunsa.

Kuɗi ta waya aka tara, MoMo na MTN da Orange Money, waɗanda kowa a gari ya saba da su. Tun Janairun 2022 gwamnati ke cirar harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa, ban da ladan kamfani, don haka aka ce kowa ya ɗora kuɗin cirewa a kan abin da zai aiko, kada lissafi ya riƙa zuwa da giɓi. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne lambar wa za a ba mutane. Layin waya da katin shaidar mutum ɗaya ake rajistarsa, kuma a idon kamfani duk abin da ke ciki na wannan mutumin ne. Wani dattijo, tsohon direban motar auduga, shi ya kawo dabarar da aka bi. Aka sayi sabon layi da ƙaramar waya mai madanni, wayar tana kwana a akwatin liman, lambar sirri kuwa ma'aji kaɗai ya san ta. Mai waya ba shi da lamba, mai lamba ba shi da waya. Kowace Juma'a bayan la'asar su haɗu gaban mutum uku, a duba abin da ke ciki, a ɗauki hotonsa a sa a zaure.

Hoton bai wadatar ba, kuma nan ne na fara ganin iyakar zauren. Saƙon kamfani da Faransanci yake zuwa. Dattawanmu da yawa ajami suke karantawa, wasu ba su da babbar waya, mata kuwa ba a sa su a zauren ba tun asali. Sai aka ƙara abu biyu. Nakan yi saƙon murya da Hausa, wani matashi ya maimaita da Fulatanci, a faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Sannan aka shafa baƙin fenti a jikin katangar masallaci, ana rubuta jimilla da alli, boko a sama, ajami a ƙasa. Gani ya kori ji. Na ga tsoho ya tsaya da carbinsa yana bin lambobin da yatsa, ya juyo ya tambayi ma'aji ina jaka biyar ɗin da ɗansa ya ce ya aiko daga Marwa. Aka buɗe littafi a nan take aka nuna masa.

Mata ta wata hanya suka shigo. Suna da nasu zauren na adashi da biki, uwar adashin kuma hajiya ce mai sayar da waina da kunu. Ba ta jira an kira ta ba. Ta bi gida-gida, ta tara tsabar kuɗi a ƙullin zane, ta aiko jikanta ya kira ma'aji zuwa zaurenta, aka ƙirga a gabanta. Abin da ta kawo ya sa wasu mazan da ke ta alkawari suka cika nasu washegari. Ta kuma kafa sharaɗi, cewa ranar da za a yi maganar yadda za a raba ruwa a zo a ji ta bakinsu, don su ne masu ɗiba.

Fili, rami da rana

Wani alhaji ya ba da kusurwar filinsa. Da baki ya bayar, a masallaci, kowa ya yi masa addu'a. Sai jauro, wato mai unguwa, ya ce a rubuta. Alhaji bai ji daɗi ba, yana ganin kamar ba a yarda da maganarsa ba. Jauro ya ce masa: "Alhaji, kai mun san ka. Jikokinka ne ba mu sani ba tukuna." Aka rubuta takarda, manyan 'ya'yansa suka sa hannu, liman da jauro suka shaida. Wurin da ya fara nunawa ma ba nan aka haƙa ba, don yana dab da masai na makwabta. Masu aikin lafiya kan ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma mutanen da suka ga kwalarar 2010 da ta 2018 a arewacin ƙasar nan ba sai an yi musu dogon bayani ba. Aka matsa zuwa ɗaya kusurwar.

Matashin da ya riƙe mana ɓangaren fasaha ɗan unguwa ne, ya yi makarantar koyon sana'a, ya ƙara da shekaru yana bin wani mai haɗa sola. Abu uku ya tsaya a kansu. Ya ce kada a sayi famfon da za a zura sai an gama haƙa an gwada rijiyar, a ga yawan ruwan da take bayarwa a awa da iyakar inda yake sauka idan ana ja, don famfon da ya fi ƙarfin rijiya yakan zuƙe ta ya koma jan iska ya ƙone. Ya ce a zuba tsakuwa kewaye da bututun a ƙasa don tace yashi, a kuma toshe saman ramin da siminti, kada ruwan kwata ya bi gefen bututu ya gangara. Masu haƙa da mita ake biyansu, toshewar nan ba ta gabansu in ba a tsaya a kansu ba. Ya kwana biyu a gindin motar haƙa.

Na ukun shi ne batir. Mutane da yawa sun so a sa batir don famfo ya yi aiki da dare. Ya ce batir shi ne abin da ya fi tsada, shi ne kuma ke fara mutuwa a zafin Garwa. Gara a ajiye ruwa da a ajiye wuta. A ɗaga babban tanki sama, famfo ya cika shi da rana, dare ya yi ruwa ya sauko da kansa. Pano, wato faifan sola, yana ba da wuta, wata na'ura a cikin akwati tana daidaita ta, famfo yana gudu daidai ƙarfin rana: a hankali da hantsi, da ƙarfi daga wajen ƙarfe goma zuwa uku, sannan ya yi sanyi. Ana cewa pano kan kai shekara 20 zuwa 25, kuma farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, abin da ya sa unguwa irin tamu ta iya tunkararsa. Amma famfo da na'urar ba sa kai wannan shekarun. Ya faɗi haka tun ranar farko.

Akwai ranar da ya tara dattawa da tsakar rana lokacin hunturu. Ƙura ta yi wa pano fari fat, har ana iya rubutu da yatsa a kai. Ya nuna musu lambar da ke jikin na'ura, ya hau tsani da tsumma ya goge, ya sauko ya sake nuna musu. Lambar ta tashi, ƙarar ruwan da ke zuba cikin tanki ma ta sauya, kowa ya ji da kunnensa. Tun daga ranar ba a sake gardama kan a riƙa ba wani yaro ɗan abu yana wanke pano da sassafe ba. Da sassafe, don gilashin da ya ɗauki zafi ba a kwara masa ruwan sanyi.

Rigimar sefa 25

Ruwa ya fito, aka yi walima, aka yi makonni kowa na ɗiba kyauta. Sannan matashin ya kawo lissafin abin da zai iya lalacewa da kuɗinsa, ya ce a fara karɓar sefa 25 a kan bidon lita 20. Zaure ya kama da wuta.

Alhajin da ya ba da fili ya ce shi don Allah ya bayar, bai bayar don a buɗe kasuwa ba. Na Duwala suka ce sun aiko kuɗi ne don iyayensu su huta, ba don a sake cajinsu ba, idan wani abu ya lalace a faɗa musu su sake aikowa. Wasu suka kawo hadisin da ya hana sayar da rarar ruwa. Ba na ganin ko ɗaya daga cikinsu ya yi magana da mugun nufi. Mutumin da ya tashi yana ganin randa a ƙofar gida da moɗa a kai don mai wucewa, dole ya ji nauyin a ce an sa wa ruwan sadaka farashi. Amma ni ina ɓangaren masu cewa a karɓa, kuma har yanzu ina nan. Duk wanda ya bi ƙauyukan hanyar Pitowa ko ta Ngong ya ga famfunan tuƙa-tuƙa da aka yi bikin buɗewa, yau awaki ne ke kwana a gindinsu. Ba ruwa ne ya ƙare a ƙasa ba. Wani ƙarfe ne ya karye, ba a ajiye kuɗin sayensa ba, wanda ya haƙa kuma ya tafi. Karo-karon farko da daɗi ake yinsa, don kowa na son ladan haƙa rijiya. Na biyu da na uku, na sayen wayar da ta ƙone, ba mai ɗokinsa.

A zauren WhatsApp ba a warware komai ba, sai ma ƙara dagulewa. Wanda ke nesa ya fi kowa yawan magana, don shi ke da intanet da lokaci, wadda ke ɗaukar bido kuwa ba ta ciki. Saƙon murya na minti bakwai ya bi na minti tara. Mutum ya faɗi da dare abin da ba zai iya faɗa ido da ido ba. Sai jauro ya sa aka rufe zauren, masu kula kaɗai ke iya rubutu, ya kira taro a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa wa mata tabarmi a cikin soro inda za su ji a kuma ji su.

Liman ne ya fara. Ya kawo labarin rijiyar Ruma a Madina, wadda Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'a, ya ce tamu ma wakafi ce, ba ta alhaji ba, ba ta kwamiti ba. Ya ce malamai sun yi bayani cewa abin da wakafi ya samar, gyaransa ake fara cirewa kafin komai, don in asalin ya lalace ladan mai bayarwa ma ya yanke. Hanin da ke cikin hadisi, in ji shi, ya fi shafar wanda ya tare ruwan da ba wahalarsa ba ce ya hana mabuƙaci da dabbobinsa, kuma malaman Malikiyya ba su hana mai rijiya a cikin mallakarsa karɓar kuɗi ba. Abin da ba ya halatta shi ne a kori mai ƙishirwa. Alhaji ya ce: "Allah ya gafarta malam, to wanda ba shi da ita fa?" Liman ya ce wannan ita ce tambayar da ya kamata taron ya amsa.

Hajiya ce ta amsa daga cikin soro. Ta ce: "Ranka ya daɗe, a tambaye mu nawa muke saye a azumi." Ta faɗi abin da take biyan 'yan ga-ruwa a ranar da famfo ya ɗauke, ninkin-ba-ninkin abin da ake gardama a kai. Ta ce maza na jin ruwa kyauta ne saboda a buta suke tarar da shi. Mata sun yarda su biya, da sharaɗin mace ce za ta zauna a bakin famfo, kuma su ne za su faɗi gidajen da ba za a karɓi kuɗinsu ba, don sun fi kowa sanin tukunyar da ba a ɗora ba. Ba a yi wata doguwar magana bayan wannan ba. Aka tsayar da sefa 25, aka yafe wa gidajen marayu da tsofaffin da ba su da mai yi musu, ba tare da rubuta sunansu a katanga ba. Ruwan alwala na masallaci kyauta, an kuma girke randa da moɗa a bakin titi. Wata bazawara mai 'ya'ya aka ba riƙon famfo, ana biyanta daga abin da ya shigo.

Saura 'yan ga-ruwa. Yawancinsu baƙi ne, samari masu tura pus-pus, wato kurar ruwa, ba su cikin zaure, ba su da mai magana da yawunsu, kuma wasu sun so a hana su ɗiba gaba ɗaya, wai za su sayi ruwan sadaka su ci riba. Amma matan kulle da tsofaffi da masu gidan abinci da su suka dogara. Mafitar daga wurin matashin nan ta fito. Da tsakar rana famfo ya fi ƙarfi, a lokacin ne kuma layi ke watsewa saboda zafi, tanki ya cika, na'ura ta kashe famfo, rana tana tafiya a banza. Aka ware musu bakin famfo ɗaya daga hantsi zuwa azahar, suna biya kamar kowa, da yarjejeniyar iyakar abin da za su sayar a cikin unguwa. Kuɗin da ke shigowa daga wurinsu shi ne ƙashin bayan asusun a yau.

Biyan kuɗin kansa ya zo da tasa matsalar. Sefa 25 ba abin turawa ta waya ba ne, sulalla kuma sun yi shekaru suna wuya a ƙasashen sefa, sai a 2025 babban bankin BEAC ya fito da sababbi. Kullum rigimar canji. Aka yanka kwali aka buga masa hatimi, kowane kati na bido ashirin, a saya da tsaba ko ta waya, mai riƙon famfo ta huda rami ɗaya duk ɗiba. Ɗa yana Yawunde ya tura kuɗin kati, a kai wa mahaifiyarsa har ɗaki.

Tsawa, da abin da ya biyo baya

Hadarin farkon damina ya zo da tsawa, na'urar da ke cikin akwati ta ƙone. Aka buɗe akwatin liman, aka cire kuɗi gaban shaidu, aka sayo wata, aka ƙara da ƙarfen da ake binnewa a ƙasa don kariya daga tsawa. Kafin mako ya zagayo ruwa ya dawo, ba a roƙi kowa sisi ba. Amma lamarin ya nuna mana wani abu da ba mu lissafa ba: da damina mutane na tarar ruwan sama, ciniki ya ragu, a daidai lokacin da tsawa ta fi yawa. Asusun da rani yake cika. Shi ya sa aka hana taɓa shi don wata hidima, ko ta masallaci ce, duk da an nema.

Bayan wannan ne wani saƙon murya ya zaga, ba a zaurenmu kaɗai ba, cewa ma'aji ya sayi sabon babur da kuɗin ruwa. Babur ɗin na ƙaninsa ne. Kafin azahar maganar ta kai Duwala. 'Ya'yansa suka ce sai an kai ƙara, kuma suna da abin riƙewa, don dokar 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu, da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Dattawa suka hana. Aka je aka karɓo takardar duk shige da ficen layin, aka karanta ta a bainar jama'a aka gwada da littafina, mai saƙon ya ba da haƙuri a inda ya yi ɓarnar, wato cikin zaure, da muryarsa. Ma'ajin ya ci gaba da aiki, amma na san abin bai bar zuciyarsa ba, kuma da wuya ya karɓa in wa'adinsa ya cika. Wayar da ta tara mana kuɗin rijiya cikin 'yan watanni ta kusa cinye mutuncin bawan Allah cikin rabin yini. Yanzu doka ce: zargin kuɗi a taro ake kawo shi, wanda ya sa a zaure a cire shi wata guda.

A 2023 aka ƙaddamar da tashoshin sola na Marwa da Gidar, kimanin megawat 30 gaba ɗaya, ɗauke wuta da rana ya ragu, famfon gwamnati ya ɗan ƙara zuwa. Akwai kuma aikin haɗa layin kudu da na arewa har zuwa Chadi, wanda Bankin Duniya ya amince da kuɗinsa a 2020. Wasu suka fara cewa rijiyar ta gama aikinta. Bazarar da ta biyo baya ta ba su amsa, don gidajen da ba a taɓa ja musu bututu ba suna nan yadda suke.

Akwai abin da ke damuna a nasarar nan. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta sa samar da ruwan sha cikin ayyukan da ke wuyan magajin gari, ta kuma buɗe ƙofar kafa kwamitocin unguwa da za a riƙa shawara da su. Mutanen unguwarmu na biyan haraji a kasuwa da kan babur da kan kowace turawar kuɗi. Idan kowace unguwa mai 'ya'ya a Duwala ta haƙa tata, unguwar da ba ta da kowa a waje ta zauna da ƙishirwa, hukuma kuma ta saba da cewa mutane na iya wa kansu. Sannan foraj na ta yawaita a gari, na masu kuɗi da na masallatai, duk daga ruwan ƙasa ɗaya, alhali dokar ruwa ta 1998 ta ɗora wa gwamnati kula da wannan dukiya. Mun rubuta wa ofishin da abin ya shafa muna neman abu biyu marasa tsada: a riƙa aiko mai gwada ruwan lokaci-lokaci, a kuma sa rijiyar cikin lissafin wuraren ruwan gari. An karɓi takardar, an buga mata hatimi, muna bibiya.

A cikin gida ma da saura. Sau ɗaya aka gwada ruwan a ɗakin bincike, lokacin da aka haƙa, alhali kamata ya yi a maimaita, musamman bayan damina. Ruwan da ke zuba a bakin famfo ya yi kwata a layin baya, sauro ya samu wuri, kuma 'yan hayar da ke wannan layin, waɗanda yawancinsu ba sa jin Hausa sosai, ba su da kujera a kwamiti. Layin wayar har gobe da sunan mutum ɗaya yake. In ta Allah ta kasance gare shi, kuɗin ruwa zai shiga cikin maganar gado. Maganin wannan shi ne a yi wa kwamitin rajista a matsayin ƙungiya ƙarƙashin dokar 1990, a ofishin perefe, wato babban jami'in mulki na gunduma, don a buɗe asusu da sunanta mai sa hannun mutum biyu. An rubuta tsarin mulkin ƙungiyar da Faransanci, an karanta wa jama'a fassararsa da Hausa da Fulatanci, mata sun nemi kujera biyu an ba su, ɗaya kuma an ware wa 'yan haya. Taron da ke tafe zai tsayar da kuɗin haƙa ramin da zai shanye ruwan kwatar, da wanda zai karɓi ma'aji.